Uban da ke neman riƙon ɗansa bayan mutuwar aure

Idan aure ya mutu a Kwanyawa, ko a kowane ƙauye na ƙasar Karaye da Rogo, abin da aka saba gani shi ne mace ta gama idda ta koma gidan iyayenta da goyonta, uban kuma ya jira a yaye yaron. Da an yaye shi sai a aiko goggo ko wata tsohuwa ta ɗauko shi, domin a bakin mutane "ɗa na uba ne". Al'adar ta yi ƙarfi har maza da yawa suna ɗaukarta a matsayin hukuncin addini, sai ranar da suka tsaya gaban alƙali su ji akasin haka.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar Kano ke hukunci da shi, ya raba al'amarin yaro gida biyu. Akwai waliccin uba: shi ke da alhakin ci da sha da sutura da magani, shi ke zaɓar makaranta, shi ke aurar da 'yarsa. Akwai kuma hadana, wato riƙo da reno na yau da kullum, inda yaro zai kwana da wanda zai yi masa wanka. Wannan na uwa ne. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan malamai, ta ce riƙon yana hannunta har ɗa namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Babu maganar yaye a ciki, babu maganar shekara bakwai.

An yi aiki da wannan hukuncin tun zamanin sahabbai. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin Sayyidina Umar da ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama damtsensa ya ɗora shi a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa suka yi jayayya, har suka je gaban Halifa Abubakar. Halifa ya umarce shi ya bar mata yaron, Umar kuwa bai maimaita magana ba.

Abin lura a nan shi ne kaka ce ta yi nasara. A jerin da Mukhtasar Khalil ya tsara, idan riƙo ya kuɓuce wa uwa yana komawa ga uwarta, sannan kakarta, sannan inna, wato 'yar'uwar uwa, sannan innar uwa, sannan kaka ta wajen uba, kafin a iso kan uban. Saboda haka mutumin da ya ji tsohuwar matarsa ta yi sabon aure ya garzaya kotu da zaton an gama, yakan tarar da tsohuwar surukarsa zaune a benci tana jiransa, kuma ita shari'a ta gabatar.

Wannan bai rufe wa uba ƙofa ba. Malamai sun gindaya sharuɗɗa a kan duk mai riƙo: hankali, amana, iya ɗawainiyar yaro, wurin zama mai tsaro, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. Uban da ya tabbatar da shaidu cewa ana barin ɗansa da yunwa, ko an cire 'yarsa daga makaranta an ɗora mata tallan da ke kai ta bakin tasha da dare, yana da hujjar da alƙali zai saurara. Amma hujjar dole ta tsaya a kan halin da yaron ke ciki. Zagin da matar ta yi masa ranar rabuwa, ko rashin kunyar da ya ce ta yi wa mahaifiyarsa, ba su shiga lissafi. Auren uwa da wanda ba muharramin yaron ba ne yana sarayar da riƙonta, sai dai idan mai haƙƙin karɓa ya sani ya yi shiru har shekara guda, to nasa haƙƙin ya faɗi. Haka kuma idan uba zai yi ƙaura ta dindindin zuwa gari mai nisan baridi shida, kimanin mil 72, yana iya tafiya da ɗansa muddin hanya da garin suna da aminci. Cirani zuwa Legas ko Abuja bayan girbi ba ƙaura ba ce.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya keɓanci namiji: dole ya kasance yana da macen da za ta reni yaron, mata ko uwa ko 'yar'uwa. Manomin da ke fita gonar rani a bakin dam ɗin Challawa tun asuba ba shi zai dama wa ɗan shekara uku koko ba. Abin da yake nema a zahiri shi ne a cire yaro daga hannun uwarsa a miƙa shi ga kishiyar uwa. Akwai matan uba masu tsoron Allah da suka riƙe 'ya'yan miji fiye da nasu, amma alƙali na da haƙƙin ya kira matar ya ji ta bakinta, kuma ya kamata ya yi hakan.

Dole a faɗi cewa wasu ƙararrakin ba kewar yaro ce ke kawo su ba, nauyin kuɗin ciyarwa ne. Uba kan ga gara ya karɓi ɗansa ya ci daga tukunyar gida da ya riƙa aika kuɗi gidan surukan da ya rabu da su. Wasu kuma da gaske an zalunce su, an hana su ganin 'ya'yansu wata da watanni, alhali shari'a ta ba uba damar ganin ɗansa da kula da tarbiyyarsa da karatunsa ko yana hannun wa. Irin wannan uban sau da yawa umarnin ziyara yake buƙata, kuma ya fi sauƙin samu.

Hanyar neman haƙƙi takan fara ne daga zauren mai unguwa ko dagaci, ko ofishin Hisba, hukumar da jihar Kano ta kafa a 2003, inda ake ƙoƙarin sulhu. Idan ya ƙi, sai kotun shari'ar Musulunci. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da waliccin yara. A 2023 kuma jihar ta samu dokar kare yara, shekara ashirin bayan dokar tarayya ta 2003.

Wata hanya da riƙo ke komawa ga uba ita ce khul'i, inda mace ke sarayar da riƙonta a matsayin fansar kanta. Malikiyya sun halatta hakan, ko da yake macen da ta gaji da aure takan yarda da abin da za ta yi kuka a kansa daga baya. Riƙon da ya kuɓuce saboda sabon aure ba ya dawowa ga uwa ko da wannan auren ya mutu, bisa ra'ayi mafi shahara a mazhabar. Wanda ya kuɓuce saboda uzuri kamar rashin lafiya kuwa yana dawowa da zarar ta warke.