Fasaha Ba Tare Da Al'ada Ba: Darasi Daga Sassaƙar Mumuye Ta Jihar Taraba

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 Amurka ta harba kumbuna biyu masu suna Voyager, kowanne ɗauke da faifai mai ruwan zinare. Kwamitin da Carl Sagan ya jagoranta ya zuba a faifan hotuna 115, da gaisuwa cikin harsuna 55, da kiɗa na kimanin minti 90, da fatan wata halitta mai hankali a wata duniya za ta tsince shi. Tambayar ita ce: idan an tsinta, za a gane cewa fasaha ce? Wannan muƙala za ta nemi amsa a kusa da gida, wato a sassaƙar Mumuye, waɗanda ke zaune a yankunan Jalingo da Zing da Yorro da Lau, domin ita ma ta taɓa faɗawa hannun baƙin da ba su san harshen masu ita ba.

2.0 Matakan Gane Fasaha

Za a iya kasa gane fasaha zuwa matakai uku. Na farko shi ne gane ƙira, wato sanin cewa da gangan aka yi abu. Na biyu shi ne gane kama, wato sanin abin da aka kwaikwaya. Na uku shi ne gane manufa, wato sanin dalilin yin abin da matsayinsa a wurin masu shi. Wannan rabo ya yi kusa da na Charles Peirce, wanda ya bambanta alamar da ta dogara ga kama, da wadda ta dogara ga sababi kamar hayaƙi da wuta, da wadda ta dogara ga yarjejeniyar jama'a kamar kalma.

3.0 Sassaƙar Mumuye A Hannun Baƙi

C. K. Meek ya yi bayanin Mumuye tun 1931, amma sai a ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasar Nijeriya, sassaƙarsu ta kwarara zuwa kasuwannin Turai. Kafin nan, 'yan ƙalilan da suka isa can akan jingina su ga Chamba, har Philip Fry ya fitar da nazarinsa a 1970. Ga yadda matakan uku suka kasance.

3.1 Ƙira

Nan take Turawa suka yaba. Sun ga doguwar gangar jiki, da hannuwa da suka kewaye ta kamar ɗamara, da gajerun ƙafafu masu gaɓa-gaɓa. Ba su buƙaci tafinta ba kafin su san gwani ne ya riƙe gizago.

3.2 Kama

Sun gane surar mutum ce, domin su ma suna da kai da hannuwa. Sai dai tun a nan aka fara tuntuɓe. Abin da ke saukowa a gefen kan wasu mutum-mutumin, baƙo kan ɗauke shi hular yaƙi, alhali sau da yawa kunnuwa ne da aka huda aka faɗaɗa, kamar yadda matan Mumuye ke yi a da. Wato alamar da ke nuna mace ita ce baƙo ya karanta a matsayin kayan mayaƙi.

3.3 Manufa

A nan ido ya gaza. Binciken da Arnold Rubin ya gudanar a kwarin Binuwai a shekarun 1960 da farkon 1970 ya nuna cewa ana amfani da waɗannan sassaƙe wajen duba, da magani, da roƙon ruwa, da tsaron gida, kuma surar ba ta faɗin aikin da aka ba kowanne. Ma'anar tana bakin mai shi. Da aka raba itacen da bakin, sai kyau ya yi tafiya, ma'ana ta tsaya a gida.

Irin wannan ya faru da kan yumɓu na Jama'a, na al'adar Nok, wanda ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg a farkon shekarun 1940. Manomin ya gane kama, amma manufa ta riga ta ɓace.

4.0 Daga Baƙon Ƙasa Zuwa Baƙon Duniya

Akwai shaidar cewa wani abu yana ƙetare iyakar al'ada. A 2009 Thomas Fritz da abokansa sun nuna cewa Mafa na duwatsun Mandara a Kamaru, waɗanda ba su saba da kiɗan Turai ba, suna iya bambanta farin ciki da baƙin ciki da tsoro a cikinsa fiye da yadda dace kawai zai bayar. To amma Mafa da Turawa jiki ɗaya gare su. Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 da sau 20,000 a daƙiƙa, idonsa kuma ɗan yanki kaɗan na haske yake gani. Halittar da ba ta da irin wannan kunne da ido ba ta da ko wannan gada.

Saboda haka, mataki na farko ne kaɗai ake da kyakkyawan zato a kansa, domin maimaici da daidaito suna nuna niyya. Ko shi ma ba zai bambanta fasaha da kayan aiki ba. Mataki na biyu yana buƙatar sanin surar mutum. Ernst Gombrich ya yi nuni a 1972 cewa ko kibiyar da aka zana a allon kumbon Pioneer ba za ta yi ma'ana ba ga wanda bai taɓa sanin baka da kibiya ba. Mataki na uku kuwa ba ya samuwa sai da harshe. Bahaushe ya san haka a kiɗan kalangu: baƙo yana jin amo mai daɗi, ɗan gari kuwa yana jin take, domin kalangu karin sautin kalmomi yake bi. Haka rubutun tsohuwar Masar ya zauna a kulle har dutsen Rosetta, mai ɗauke da fassarar Girkanci, ya ba Champollion mabuɗi a 1822.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ƙira tana iya tafiya ita kaɗai, kama tana buƙatar tarayyar jiki, manufa kuma tana buƙatar harshe. Wannan ya ɗora nauyi a wuyan masana harshe. Sassaƙar Mumuye tana ajiye lafiya a gidajen tarihi na Turai da Amurka, amma sunayenta, da kalmomin sassaƙa, da maganganun da ake yi a gabanta, suna bakin dattawa ne. Ya kamata sassan nazarin harsuna su naɗi wannan ilimi cikin harshen Mumuye tun masu shi suna raye. In ba haka ba, jikokin masassaƙan kansu za su tsaya gaban aikin kakanninsu a matsayin baƙi, suna ganin kyau ba tare da jin abin da yake faɗa ba.