Rahoto Nawa Uwar Garke Za Ta Ɗauka a Lokaci Guda?



A manyan kamfanoni, da safiyar Litinin kowa rahotonsa yake jira: na ciniki, na albashi, na kayan da suka rage a sito. Babbar kwamfutar da ke haɗa su, wato uwar garke, ba ta ɗaukarsu duka a tare. Akwai iyakar da aka gindaya mata.

Mu ɗauki manhajar BusinessObjects. An kafa kamfaninta a Faransa a 1990, SAP na Jamus kuma ya kammala sayensa a 2008. Sashenta mai gudanar da rahotannin da aka sa wa lokaci yana zuwa ne da iyakar aiki 5. Na shida sai ya bi layi har wani ya gama. Mai kula da na'ura yana da ikon canza adadin, kuma nan ne gizo ke saƙa. Manaja ya bugo waya rai a ɓace, sai ka ga 5 ta koma 30.

To, me ya ƙaru? Ƙarfin na'ura dai yana nan yadda yake. Kowane aiki da kasonsa na ƙwaƙwalwa, kuma dukansu rumbun bayanai ɗaya suke ɗiba. Ka zura guga talatin a rijiya ɗaya, ruwa ba zai ƙaru ba, igiyoyi ne za su sarƙe. Rahoton da ake gamawa kafin shayi ya huce sai ya kai hantsi, wani ma lokacinsa ya ƙure ya faɗi, a sake shi daga farko. A ganina, layin da ke tafiya ya fi wannan cunkoson sau dubu.

Matsalar ma ta girmi kwamfuta. Tun a 1909 wani mai suna Agner Erlang ya yi lissafin layin kira a kamfanin tarho na Kwafanhagan.

Masu sanin aikin sukan ƙara adadin ne kaɗan-kaɗan, ido na kan ƙwaƙwalwa da rumbun bayanai. Da zarar sun ga rahoto ya fara jan ƙafa, sai su ja da baya. Sau da yawa ma gyaran a jadawali yake: a tura manyan rahotanni cikin dare, a daina sa wa kowa ƙarfe takwas daidai, na gaggawa kuma a ware masu tasu uwar garken.