Idan Likita Ya Ce Ciwon Hawa Da Sauka Ne

A zangunanmu na Ghana, daga Nima har Aboabo, idan mutum ya kwana huɗu ba barci, yana ta surutu ba kai ba gindi, yana rabar da jarinsa, sai mu ce iskoki ne ko an yi masa sammu. Bayan 'yan watanni kuma idan ya shige ɗaki, ya ƙi abinci, ya ƙi kasuwa, sai mu ce lalaci ne. Ba kasafai muke lura ba cewa halin nan biyu ciwo guda ne, wanda likitoci ke kira baifola, mu kuwa bari mu ce ciwon hawa da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi.

Ranar da likita ya furta sunan, ko a asibitin Pantang ne ko Ankaful, gida yakan rabu biyu. Wani ya yi hamdala, don an gane abin da ya cinye masa jari da mutunci. Wani kuma, musamman uwa, tunaninta ɗaya: wa zai auri yarinyar nan in maganar ta fita? Daga nan ake ɓoye katin asibiti, daga baya a ɓoye maganin ma.

To amma babbar matsalar tana wajen mai ciwon kansa. Lokacin sauka ba ya musun cewa ba shi da lafiya. Lokacin hawa ne yake jin duk duniya ba wanda ya fi shi ƙarfi da basira, don me zai sha magani? Nan ne da yawa ke yin jifa da ƙwayoyin, ciwon ya dawo sabo. Karɓar ciwon nan, a ganinmu, shi ne mutum ya yarda cewa irin wannan jin daɗin ma alama ce, ya kuma zaɓi ɗan'uwa guda da zai iya ce masa, "Yaya, kwana biyu ba ka barci," ba tare da an yi faɗa ba.

Magani akwai. Tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya gano amfanin litiyam, amma sai da awon jini a kai a kai, saboda ƙoda. Mai shan sa ya tuntuɓi likita kafin azumi, domin ƙishirwa na iya sa maganin ya taru a jini, ga kuma raguwar barci saboda sahur da tahajjud, wadda kan tayar da hawan. Mace mai shirin ɗaukar ciki ma ta faɗa tun da wuri, don wasu magungunan na cutar da ɗan tayi.

Addu'a ba ta hana shan magani, amma ɗaure mutum da mari wani abu ne daban. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kare haƙƙin mai irin wannan ciwo, kuma a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffuka. Saboda haka idan ɗanmu ya fara cewa ya gaji da rayuwa, babu sauran tsoron 'yan sanda: a kai shi asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari.