Yunwar da Jiki Bai Manta Ba

A ƙarshen shekarar 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka tare hanyar kai abinci yammacin ƙasar Holan. Ga kuma sanyin hunturu ya daskarar da ruwan da jiragen kaya ke bi. Rabon abincin da akan ba mutum a yini bai kai ko rabin bukatar jiki ba, har mutane suka koma cin albasar furanni. Kafin watan Mayu na 1945 wajen mutum 20,000 sun mutu.

Cikin masu shan wannan wahala akwai mata masu juna biyu, su ne kuwa dalilin labarin nan namu. Waɗanda yunwar ta same su da tsohon ciki sun haifi 'ya'ya ƙanana, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma waɗanda ta same su a farkon ciki sun haifi jarirai masu nauyi daidai, sai aka ɗauka sun tsira. Ashe ba haka ba. Da suka manyanta, likitoci suka ga ƙiba da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu.

To, ƙaƙa jiki zai tuna da yunwar da mai shi bai taɓa sani ba?

Jikinmu cike yake da ƙwayoyin halitta, kowace kuwa tana ɗauke da littafin gado iri ɗaya, watau DNA. Ƙwayar hanta da ta ido littafinsu ɗaya ne, sai dai ba shafi ɗaya suke karantawa ba. Akwai wata 'yar alama, sunanta metil, wadda akan manna a wasu wurare, sau da yawa domin a rufe su. Shi DNA kamar igiya ce mai tufka biyu. Sa'ad da ƙwaya za ta rabu, sai tufkar ta warware, kowane sili ya sami sabon abokin tufka. Daga nan wani sinadari mai suna DNMT1 ya bi tsohon silin, duk inda ya ga alama ya sa irinta a sabon. Da haka abin da aka rubuta tun mutum yana ciki yakan bi shi har furfura.

A 2008 masana suka auna jinin mutum 60 da aka ɗauki cikinsu a lokacin yunwar, suka gwada da na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. A wurin da ake kira IGF2, mai lura da girman ɗan tayi, alamominsu sun gaza na 'yan'uwan da kamar kashi 5 cikin 100. Kaɗan ne, gaskiya, masana ma suna ta muhawara ko shi ke jawo ciwon. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai shi ne, waɗanda yunwar ta same su dab da haihuwa ba a ga wannan ragi a jininsu ba. An sa alamar tun makonnin farko, lokacin da wata uwar ma ba ta riga ta san tana da ciki ba.