Shirin Musamman: Da Izini Aka Ɗora, Bisa Kuskure Aka Sauke

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu leƙa shafukan ɗora bidiyo irin su YouTube, mu duba wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu tashoshi tuwo a ƙwarya. Mutum ya ɗora bidiyon da yake da cikakken izini a kansa, wani lokaci ma nasa ne na kansa, sai ya wayi gari an sauke, wai ya keta haƙƙin mallakar wani.

A ranar 6 ga Agusta, 2012, motar binciken nan mai suna Curiosity ta sauka lafiya a duniyar Mars. Injiniyoyin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka ɓarke da sowa suna rungumar juna, hukumar kuma ta ɗora bidiyon wannan murna a tasharta ta YouTube. Ba a jima ba masu son kallo suka ci karo da sanarwa cewa an toshe bidiyon, domin wani kamfanin labarai mai suna Scripps ya ce yana da haƙƙi a ciki. Alhali a dokar Amurka, abin da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka shirya a bakin aikinsu na kowa da kowa ne. Hukumar da ta iya kai mota wata duniya, ga shi ta kasa riƙe bidiyonta a shafinta. Bayan 'yan sa'o'i aka mayar da shi, Scripps ya ba da haƙuri.

To yaya aka yi haka? Tun 2007 YouTube ke amfani da wata manhaja da ake kira Content ID. Manyan kamfanonin fim da waƙa da gidajen talabijin suna miƙa mata kwafin kayansu, ita kuma ta ɗauki tambarin sauti da hoton kowanne ta adana. Duk bidiyon da aka ɗora sai ta gwada shi da abin da ke rumbunta. Idan suka yi kama, sai ta zartar da abin da kamfanin ya zaɓa tun farko: ko a toshe bidiyon, ko a karkatar da kuɗin tallansa zuwa aljihun kamfanin, ko a bar shi ana bin diddiginsa. Idan gidan talabijin ya sa hotunan NASA a labaransa, sannan ya zuba labaran gaba ɗaya cikin rumbun, manhajar za ta ɗauka hotunan nasa ne, har ta tuhumi mai asalin kayan da sata.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Manhajar nan kama kawai ta sani. Izini kuwa yana cikin takardar yarjejeniya, takardar tana cikin durowar wani ofis, manhajar kuma ba ta da idon karanta ta.

(GAJEREN KIƊA)

Wata guda bayan abin da ya sami NASA, a birnin Chicago, ana bikin ba da kyautar Hugo ta marubutan ƙagaggun labaran kimiyya, ana nuna shi kai tsaye a shafin Ustream. Aka haska gutsattsarin shirye-shiryen da ke takara, waɗanda masu su da kansu suka ba da domin a nuna. Marubuci Neil Gaiman yana tsaka da jawabin karɓar kyautarsa, sai manhajar wani kamfani mai suna Vobile ta katse shirin. Har aka tashi taron bai dawo ba. Daga baya shugaban Ustream ya nemi afuwa, amma bikin da ake kallo kai tsaye ba ya maimaituwa.

Kada kuma a ɗora wa na'ura laifin duka, domin 'yan Adam ma sun tafka nasu. Kamfanin Viacom, mai tashoshin MTV da Nickelodeon a lokacin, ya aika wa YouTube buƙatar sauke bidiyo kusan 100,000 a farkon 2007, sannan ya maka shi a kotu yana neman diyyar dala biliyan ɗaya. Da shari'a ta yi nisa, a 2010 lauyoyin YouTube suka fito da wani bayani mai ban dariya. Suka ce sashen talla na Viacom ya yi shekaru yana ɗora gutsattsarin shirye-shiryensa a ɓoye, ta hannun kamfanonin talla aƙalla 18, da sunayen bogi, har ana rage ingancin hoton da gangan domin ya yi kama da na sata, matasa su ɗauka wani abu ne ya fita ba da sanin masu shi ba. A gefe guda lauyoyin kamfanin suna bi suna neman a sauke su. Wasu lokutan, in ji YouTube, sai kamfanin ya dawo yana roƙon a mayar da abin da ya sa aka cire. An sasanta shari'ar a 2014. Idan mai kaya da rundunar lauyoyinsa sun kasa bambance abin da suka ba da izini da abin da aka sace musu, ina ga na'ura?

Ni a ganina, tushen matsalar yana cikin doka. A 1998 Amurka ta kafa dokar da ake kira DMCA, kuma da yake manyan shafukan nan a can suke, dokar tana shafar mai tasha ko a ina yake zaune. Ta ce shafi ba zai ɗauki alhakin abin da jama'a suka ɗora ba, muddin ya gaggauta saukewa da zarar an kawo ƙorafi. Saboda haka duk shafin da ke son zaman lafiya sai ya fara saukewa, bincike ya biyo baya. Mai ƙorafi fom kawai zai cike. Wanda aka sauke wa kuwa, idan zai musanta, sai ya ba da cikakken sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa, a miƙa su ga wanda ya yi ƙorafin, ya kuma amince cewa ana iya gurfanar da shi a kotun Amurka. Sannan ya jira kwanakin aiki 10 zuwa 14. Ƙorafi irin wannan yana zuwa da gargaɗi a kan tashar, gargaɗi uku cikin kwana 90 kuma na iya kai wa ga rufe ta baki ɗaya.

Dokar ta tanadi hukunci ga mai ƙorafin ƙarya, amma sai an tabbatar ya san ƙarya yake yi. Wanda ya ce kuskure ne ya kuɓuta. Wata uwa a Amurka, Stephanie Lenz, da ta kai ƙarar kamfanin Universal saboda sauke bidiyon ɗanta na daƙiƙa 29, ta fara shari'a a 2007, ba a rufe maganar ba sai 2018. Mutum nawa ne ke da wannan juriyar?

Alƙaluman YouTube da kansa sun nuna girman abin. A rahoton da ya fitar kan watanni shida na farkon 2021, an yi iƙirarin haƙƙin mallaka sama da miliyan 700, fiye da kashi 99 cikin ɗari ta hanyar Content ID. Waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma a cikinsu kusan kashi 60 mai bidiyon ne ya yi nasara, wato sama da miliyan biyu. Kamfanin na kallon wannan a matsayin shaidar cewa kuskuren kaɗan ne. Sai dai lissafin bai haɗa da waɗanda suka ji tsoro suka yi shiru ba.

Da yake ƙofar a buɗe take, 'yan damfara ma sun shigo. A Yulin 2022 aka sauke shirin kiɗa na tashar Lofi Girl, wanda ya fi shekara biyu yana gudana ba tsayawa, bisa ƙorafi daga asusun wani kamfanin waƙa na Malesiya. YouTube ya amsa cewa ƙorafin na bogi ne, kamfanin waƙar kuma ya ce kutse aka yi masa. Tashar tana da miliyoyin mabiya da suka yi ca a kafafen sada zumunta, shi ya sa aka duba da wuri. Mai mabiya ɗari biyu sai dai ya bi layi.

(GAJEREN KIƊA)

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, tunda kasuwar faifai ta mutu, finafinan Kannywood masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So a YouTube jama'a da yawa ke kallonsu. Ga yadda tarkon yake. Mawaƙi ya ba furodusa waƙa ya sa a fim, an biya shi, an rabu lafiya. Daga baya ya miƙa waƙar ga kamfanin da ke rarraba waƙoƙi a intanet, kamfanin ya shigar da ita Content ID. Nan take manhajar za ta kama fim ɗin furodusa, kuɗin talla ya koma wani wuri, mawaƙin ma bai san an yi ba. Haka abin yake ga kiɗan da aka saya a sutudiyo idan an sayar wa mutum fiye da ɗaya. Najeriya ma, a sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, ta shigar da tsarin ƙorafi da saukewa a intanet.

Saboda haka, furodusoshi da mawaƙa da masu tashoshi, duk izinin da aka ba ku a rubuta shi, da sa hannu da kwanan wata, kada a tsaya ga amanar baka. Ku tambayi mawaƙi ko waƙarsa tana hannun kamfanin rarrabawa, in tana can a nemi su sa tasharku cikin jerin waɗanda aka yarje wa, tun kafin a saki fim. In kuma iƙirarin ya faɗo kuna da takarda a hannu, ku ƙalubalance shi cikin kwana biyar na farko, domin a riƙe kuɗin tallan tun daga ranar da aka yi shi har a warware. Mai iƙirarin yana da kwana 30 ya amsa, in bai amsa ba iƙirarin ya faɗi.

A nan za mu dakata.

(KIƊAN RUFE SHIRI)