Klaus Kinski: Bajamushen bos ɗin fina-finan kaboyi da halin da Zamfara ke ciki

Kafin zuwan bidiyo da wayar salula, silima ce matattarar samarin Gusau idan dare ya yi. Wanda ke Tsafe ko Bungudu sai dai ya shigo birni ya kalla, ko ya jira wanda ya kalla ya ba shi labari, har da ƙarin gishiri.

Fim ɗin Indiya ne kan gaba, sai na Chanis, sai na kaboyi. Ko mutum ba ya jin Turanci ya san dokar kallo: akwai akta, akwai bos, kuma akta ba ya mutuwa.

Sai dai da yawa daga cikin fina-finan kaboyin shekarun 1960 da ake ɗauka na Amurka ne, ba su taɓa ganin Amurka ba. Italiyawa ne ke shirya su, wani lokaci da haɗin gwiwar kamfanonin Jamus ta Yamma da Sifaniya. Dajin da dawakan ke sukuwa a cikinsa kuwa, sau da yawa hamadar Almeria ce a kudancin Sifaniya. Hatta Django na 1966, mai jan akwatin gawa, Ba'italiye ne mai suna Franco Nero.

Haka aka yi da fina-finan leƙen asiri. Da James Bond ya karɓu daga 1962, Turawan suka shiga fitar da nasu masu arha, irin su Kommissar X da OSS 117.

A wannan kasuwa ce Klaus Kinski ya samu abinci. An haife shi a 1926 a Zoppot, garin da yanzu ke cikin Poland. Ya yi aikin soja a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Birtaniya suka kama shi, kuma a tsare ya fara wasan kwaikwayo. Fuskarsa kaɗai ta isa a ba shi bos: manyan idanu, faffaɗan baki, ga murmushin da ba ya kwantar da hankali.

A fim ɗin For a Few Dollars More na 1965, shi ne ɗan fashin nan mai ƙusumbi da Lee Van Cleef ya ƙyasta ashana a jikinsa don tsokana. Shekara guda bayan haka ya fito a Our Man in Marrakesh, na leƙen asiri da aka ɗauka a Maroko. Ya yi fim fiye da 130 kafin mutuwarsa a 1991, ciki har da Cobra Verde na 1987 da aka ɗauki wani ɓangarensa a Ghana. Ba a fim kawai aka san shi da mugun hali ba, domin a 2013 'yarsa Pola ta zarge shi da cin zarafinta tun tana ƙarama.

Wanda ya fara hango abin da irin wannan kallo zai iya zama a ƙauyukanmu ɗan Nijar ne, Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa. A 1966 ya fitar da Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo gida da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa malafa, suka hau dawakai, suka ɗauki sunayen Turawa, sannan suka addabi garinsu. Da raha ya yi fim ɗin.

A Zamfara ta yau abin ya wuce raha. Ba fim ne ya haifar da ta'addancin 'yan bindiga ba, tushensa na cikin rikicin kiwo da noma da rashin adalci da yawaitar makamai. Amma kayan haɗin labarin kaboyi duk sun hallara: satar shanu, zinare, garin da hukuma ta yi wa nisa, da mutanen da suka ɗauki doka a hannunsu. Babur ne kawai ya maye gurbin doki. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar, a Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. Matafiyi a hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san addu'ar da ake yi idan an doshi Tsafe.

Shi ya sa fim ɗin Kinski da ya fi cancantar a sake kallo shi ne The Great Silence na 1968, wanda Sergio Corbucci, mai Django, ya shirya. Yunwa da zalunci sun kora wasu talakawa kan duwatsu sun koma sata. Sabon gwamna yana shirin yi musu afuwa. Loco, wato Kinski, mai farautar mutane ne don ladan da aka sa a kansu, saboda haka yana gaggawar kashe su kafin afuwar ta kashe masa kasuwa. Duk abin da yake yi kuma doka ta ba shi dama.

Kwatancen bai cika daidai ba, domin ɓarayin fim ɗin ba sa ƙone ƙauye ko sace ɗalibai. Amma duk wanda ya bi muhawarar sulhu, daga gwamnatin Bello Matawalle da ta gwada shi a 2019 zuwa ta Dauda Lawal da ta ce ba za ta yi ba, ya san tambayar da fim ɗin ke yi: wa ke cin riba idan rikici ya ƙi ƙarewa?

An rufe gidajen silima a jihar bayan ƙaddamar da shari'a a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, don haka mai son ganin fim ɗin yanzu sai dai a waya. Sai ya shirya, domin a ƙarshe Loco da yaransa ne ke harbe akta, bebe mai suna Silence, da matar da ke son sa, da duk mutanen da aka yi garkuwa da su, sannan ya hau doki ya tafi abinsa. Corbucci ya ɗauki wani ƙarshen na daban, inda akta ya tsira, saboda kasuwannin da ake ganin masu kallonsu ba za su lamunci mutuwarsa ba.