Omar Victor Diop, mai hoton da ya naɗa rawanin Ayuba

A shekarar 1733, a Ingila, mai zane William Hoare ya zana Ayuba Suleiman Diallo, malami Bafulatani ɗan ƙasar Bundu da aka sayar bawa zuwa Amurka. Ga farin rawani, ga Alƙur'ani rataye a wuyansa. Bayan shekara 281, Omar Victor Diop, mai ɗaukar hoto haifaffen Dakar, ya naɗa irin wannan rawani, ya tsaya gaban kyamararsa ya ɗauki kansa.

Hoton na cikin jerin "Diaspora" da ya fitar a 2014, inda ya sake raya tsofaffin zane-zanen ƴan Afirka da suka yi suna a ƙetare. Cikinsu har da Jean-Baptiste Belley, wanda ya fita daga bauta ya zama ɗan majalisa a Faransa, Girodet kuma ya zana shi a 1797.

Sai dai Diop ya ƙara abin da babu a zanen asali: ƙwallon ƙafa, usur, safar gola ko jan kati. Nufinsa shi ne ya haɗa waɗancan magabata da ƴan wasan Afirka na Turai a yau, waɗanda ake yi wa tafi in sun ci, a yi musu ihun wariya in sun ɓarar.